Hannun Hagun Baba Ilu

Har gobe ban manta da Talatar da na danna maɓalli don in ji kalangun Baba Ilu, tsuntsaye suka amsa mini ba. Ku da kuka shigo aikin situdiyo a bayan nan kuna yawan ƙorafin cewa na cika takura, ba na barin kowa ya tashi daga gaban kwamfuta sai ya cika littafin nan mai jan bango. To, yau ga dalilin.

A lokacin ina aiki a situdiyon Malam Haladu a Birnin Kudu. Situdiyo dai kara aka yi masa. Ɗaki ne guda a jikin zauren gidansa, an manna tsofaffin katifu a bango don kada ƙarar 'yan acaɓa ta shiga makirfo. Mu biyu ne ma'aikatan. Shi ne mai kiɗa, shi ke zama a gaban fiyano. Ni Sunusi ni ne mai ɗauka, wato mai kula da kwamfuta, ɗaukar murya, adana aiki da buga shi a faifai. Shekarata biyu a wurin. Waƙoƙin biki da na suna muke yi, sai tallar masu magani da ake sakawa a lasifika ranar kasuwa.

In faɗi gaskiya, rabin hankalina ba ya kan aikin. A ƙarƙashin teburina akwai kwali cike da littattafan soyayya da wani direba ke kawo mini daga Kano. Na karanta su har ta kai duk macen da ta yi sallama a ƙofa, sai in ji kamar babi na ɗaya ne aka buɗe.

Sai na ɗan yi bayani saboda wanda bai san aikin ba. Hanya biyu ake ɗaukar kiɗa a kwamfuta. Ta farko ita ce a ɗauki sautin kansa, kamar yadda kaset ke yi. Irin wannan fayil babba ne, mai cin wuri. Ta biyu ita ake kira Midi. A nan kwamfuta ba ta jin komai. Akwai waya da ta taso daga bayan fiyano zuwa gare ta, kuma abin da ke bi ta wayar labari ne kawai: an danna maɓalli kaza, a lokaci kaza, da ƙarfi kaza, an sake shi a lokaci kaza. Idan ka ce ta maimaita, sai ta mayar wa fiyano labarin, shi kuma ya yi kiɗan da kansa ba tare da hannun kowa ba. Masu ƙera kayan kiɗa sun yi yarjejeniya a kan wannan tsari, suka jera muryoyi ɗari da ashirin da takwas, kowace da lambarta, don duk inda ka kai aikinka lamba ɗaya ta zama fiyano, lambar sarewa ta zama sarewa. A duk jerin nan babu kalangu.

Malam Haladu ya yi mini wannan bayanin ya fi sau uku. Duk sau ukun ina gyaɗa kai, littafi na buɗe a kan cinyata.

Wata safiya bayan ƙaramar Salla aka yi sallama. Wata budurwa ce cikin fararen kayan asibiti da hijabi, tana riƙe da hannun wani tsoho mai jan ƙafar hagu, ga kalangu rataye a kafaɗarta cikin tsumma. Ta ce sunanta Hajara, ma'aikaciyar jinya ce a babban asibitin garin. Tsohon mahaifinta ne, Baba Ilu, makaɗin kalangu daga Kwandiko ta ƙasar Gwaram. Shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, kuma duk wata take kawo shi ganin likita. Kafin ta gama magana na riga na ɗaura mana aure a zuciyata, har na zaɓi launin labule.

Abin da ya kawo su shi ne wata al'ada ta gidan Baba Ilu. Duk 'yar da ya haifa yana yi mata take nata na kanta, ba ya buga shi a ko'ina sai ranar da za a fitar da ita zuwa gidan miji, a bakin ƙofar gida. Yayyen Hajara huɗu duk sun samu. Ita ce auta, ba a ma tsayar da miji ba, ga shi hannu ya mutu. Shi kuwa kalangu abin hannu biyu ne. Dama ke bugu, hagu ke matse tsarkiya, wato igiyoyin fatar da ke jikinsa, murya ta hau ko ta sauka. Da matsar nan kalangu ke magana.

"Taken yana kaina," in ji tsohon. "Amma kai ba ya matsa tsarkiya. Auta ta ce kuna da dabara. Ni dai na biyo ta ne don kada ta ce na ƙi."

Malam Haladu ya dubi fiyano, ya ce, "Baba, hannu ɗaya zai yi, idan ya yarda ya yi aikin sau biyu."

Ga yadda aka yi. Hajara ta riƙe kalangun a gaban makirfo, Baba Ilu ya buga shi bugu ɗaya tak. Malam Haladu ya adana wannan bugun a cikin fiyanonsa, a gurbi mai lamba ɗari da ashirin da huɗu, ya danne abin da ke wurin, don a cewarsa ba wanda zai taɓa neman sa. Daga nan duk maɓallin da aka taɓa, kalangun Baba Ilu ke amsawa. Aka zaunar da tsohon a gaban fiyano, ya buga taken da yatsun dama a kan maɓalli ɗaya, ni ina ɗauka. Sannan aka mayar da bugun farko yana tafiya, aka ɗora hannun nan nasa na dama a kan 'yar tayar da ke gefen fiyano, wadda in an murza ta sama murya ke hawa, in an murza ta ƙasa ta sauka.

"Wannan 'yar abar ce za ta gaji hannuna na hagu?"

"Ita ce, Baba."

"To a gaya mata wanda za ta gada ba rago ba ne."

Da farko ya ce tayar ba ta da nisa. Malam Haladu ya yi ta danne-danne a jikin fiyano yana faɗaɗa ta, har tsohon ya ce ya isa. Sau huɗu ya gwada. A na biyar, da kwamfuta ta haɗa aikin hannun nan biyu ta mayar, kalangu ya yi magana a cikin ɗakin. Hajara ta juya ta fuskanci katifar bango. Baba Ilu ya daɗe yana kallon hannunsa, sannan ya ce, "Ashe ban mutu duka ba."

Akwai wuri ɗaya a tsakiya da tari ya sarƙe shi, bugu ɗaya ya makara. Malam Haladu ya ce a sake, tsohon ya ce ya gaji, gobe ma rana ce. Aka sa na ɗauki sautin kansa ma, babban fayil, na ajiye shi kusa da ƙaramin na Midi. Ba mu buga faifai ba, domin an ce sai an san ango tukuna a ɗora waƙa da sunansa.

Wannan maganar ta ango ita ta hana ni sukuni. Ban taɓa ce wa Hajara komai ba bayan gaisuwa. A littattafan da na karanta, saurayin da bai iya magana ba waƙa yake yi. Saboda haka duk ranar da Malam Haladu ya tafi gona ko ɗaurin aure, sai in rufe ƙofa in kunna makirfo. Muryata ba ta waƙa ba ce, shi ya sa nake ta maimaitawa, ban kuma iya goge ko ɗaya ba, don kowace da inda ta fi daɗi. Ran nan kwamfuta ta ce ba sauran wuri.

Na shiga duba abin da zan rage, na tarar da fayil biyu na Baba Ilu. Ɗaya ƙato, ɗaya bai kai girman wasiƙa ba. Na kunna babban, kalangu ya yi magana. Na kunna ƙaramin, kalangu ya yi magana iri ɗaya, babu bambanci ko na ƙwayar gero. Ban tsaya na tuna cewa fiyanon da ke kunne a gefena ne ke yi wa ƙaramin baki ba. Na ce wannan ɓarnar wuri ce. Na goge babban, na share kwandon shara, na ci gaba da waƙata a kan gurbin da ya bari.

Bayan wata biyu Allah ya yi wa Baba Ilu rasuwa. Muka je Kwandiko gaisuwa muka dawo. Da bazara kuma Malam Haladu ya kai tsohon fiyanon Kano ya yi musaya da sabo. Ni na taya shi ɗaure shi a bayan mota, ina murna.

Damina ta yi nisa sai ga Hajara, ranar Talata da hantsi. Mahaifiyarta ta fita takaba. Ta miƙo mini katin gayyata: Asabar mai zuwa za a ɗaura mata aure da wani malamin makaranta a Gwaram. Na karanta sunan angon sau biyu, ko Allah zai sa ya canza.

"Malam Sunusi, ba sai an ɗora waƙa ba," in ji ta. "Inna ta ce kalangun kaɗai take so, yadda ya bar shi. Gobe zan wuce gida, in biyo in karɓa?"

Na ce ta biyo. Tana fita na ɗan zauna ina jinyar zuciyata yadda na ga jarumai na yi a littafi, sannan na jawo kujera, na buɗe fayil ɗin, na danna.

Tsuntsaye suka fara kuka. Cui, cui-cui, cui, da bugun Baba Ilu, da lokacinsa, har da wurin da ya makara, amma tsuntsaye. Na kashe na sake kunnawa. Na cire waya na mayar. Na kashe fiyano, na sa kwamfuta ta yi da muryoyinta, tsuntsayen dai. Na duba kwandon shara, wayam. Gumi ya jiƙa mini riga ga fanka na juyawa a kaina. Abin da nake gani kawai shi ne tsohon nan yana kallon hannunsa.

Haka Malam Haladu ya shigo ya same ni. Ya saurara kaɗan, ya ce, "Lamba ɗari da ashirin da huɗu ke nan. A jerin duniya kukan tsuntsu ne a wurin. Fayil ɗin ya ce a ba shi lambar, sabon fiyano ya ba shi abin da ya sani. Ba komai, kunna babban."

Ya leƙa allon, bai ga fayil ɗin ba.

"Sunusi, ina babban?"

Na ce wuri ne ya ƙare. Ya ture ni gefe, ya shiga duba abin da ya cinye wurin, ya tarar da wata ma'ajiya da na sa wa suna Tauraruwa, da ɗauka goma sha tara a ciki. Ya kunna ɗaya. Muryata ta cika ɗakin tana kiran farin wata mai fararen kaya. Da ƙasa za ta tsage da na gode mata. Bai bari ta kai minti ɗaya ba ya kashe.

"Wannan ka saya da hannun tsohon?"

Bai ɗaga murya ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya fita zaure ya kira wanda ya karɓi tsohon fiyanon a Kano. Aka ce an wanke duk abin da ke cikinsa an sayar tun kafin ruwan farko.

Na ce, "Maigida, ko mu nemo wani makaɗin ya saurari bugun ya buga mana? Ba wanda zai sani."

"Matar da ta yi shekara arba'in tana jin hannun mijinta ta bayan katanga, ita ce ba za ta sani ba? Kuma ko ba ta sani ba, kai fa?" Ya zauna ya nuna allon kwamfuta, inda bugun ke jere kamar sawun kaza. "Duba nan. Sau nawa na gaya maka Midi wasiƙa ce? Wasiƙar tsohon ba ta ɓata ba, duk abin da hannunsa ya yi yana nan. Mai karanta ta ne muka sayar. Bugu ɗaya muke nema, daga kalangun da ya yi na farko. Yana Kwandiko. Kai ka ɓata, kai za ka je. Amma sai ka fara gaya wa yarinyar da bakinka."

Da la'asar na tsaya a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar asibiti har ta tashi daga aiki. Shekara guda ina shirya kalmomin da zan faɗa mata a ƙarƙashin bishiya, ga bishiyar ta samu, kalmomin wasu ne daban. Na gaya mata na goge sautin, na gaya mata abin da ya rage da abin da ake bukata. Dalilin gogewar ne kawai ban faɗa ba.

Ta ce, "Wato Baba ka goge."

"Hannunsa yana nan, Sista. Muryar ce."

"Inna ba ta bari a taɓa kalangun nan tun ranar da aka fita da shi. Ko yayyena ta hana su goge masa ƙura." Ta gyara jakarta. "Ka zo tasha ƙarfe bakwai. Kai za ka yi mata bayani, ba ni ba."

Da safe Malam Haladu ya ba ni ƙaramar kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, da makirfo da 'yar sifika. Ya ce batirin ba ya wuce awa ɗaya da rabi, kuma kada in sa rai da wuta a can. Muka shiga bas ta Gwaram, ita a gaba, ni a can baya da jaka a ƙirji. Daga Gwaram muka hau acaɓa biyu. An yi ruwa kafin asuba, hanya duk taɓo, gero ya rufe gefe da gefe. Duk ramin da muka faɗa sai in ji kamar kwamfutar ce ta fashe.

Gidan ya fara cika da 'yan biki. Inna, matar marigayin, tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta tana tsince wake, doguwa, siririya. Na durƙusa na gaishe ta, na yi bayani yadda zan iya. Ba ta daina tsintar ba har na gama.

"Ɗan nan, ban gane zancen akwatinku ba. Abin da na gane shi ne, marigayi ya ba ka ajiya ka yasar."

"Haka ne, Inna."

"Yanzu kuma ka zo in ba ka wata."

Hajara ta tsuguna kusa da ita ta ce a hankali, "Inna, bugu ɗaya ne. Ba za a fita da shi ba."

Inna ta ajiye faifan waken, ta shiga ɗakin marigayin, ta fito da kalangun rungume. Da ta ƙwanƙwasa fatar da yatsa sai ta girgiza kai. Damina ta sa fatar ta saki, sautin kamar an bugi buhu. Ta jingina shi a jikin rumbu inda rana ke bugawa, ta ce sai ya sha. Muka zauna jira. Hadari na taruwa ta gabas, ni ina kallon rana ina kallon gajimare, ina karanta duk addu'ar da na iya. Sai wajen azahar ta sake ƙwanƙwasawa ta ce ya farka.

Na kunna kwamfuta, na kafa makirfo a cikin ɗaki. Aka roƙi maƙwabta su dakata da daka, aka kore awaki. Hajara ta riƙe kalangun kamar wancan karon. Na miƙa hannu zan ɗauki sandar kiɗan, Inna ta riga ni.

"Ba wani namiji da zai buga shi bayansa."

Ta gyara tsayuwa, ta karkata wuyan hannu yadda na ga tsohon ya yi, ta buga sau ɗaya. Ta mayar da sandar ta koma tabarma.

Na yanke bugun, na sa shi a manhajar da ke raba sauti ɗaya ga maɓallai, na umarci fayil ɗin ya bar neman lambar tsuntsaye ya bi wannan. Na danna. Kalangu ya fito. Na ji wani sanyi ya sauko mini, har na ɗago kai ina jiran a yaba. Inna ba ta motsa ba.

"Bugun nasa ne," ta ce. "Amma bakinsa a ɗaure yake. Ba ya cewa komai."

Gaskiyarta. Muryar na ɗan motsawa sama da ƙasa kamar mai magana cikin barci, amma ba ta hawa ba ta sauka. Na duba layin tayar a allo, yana nan da duk lanƙwasarsa. Na duba batir, an ci fiye da rabi. Na rufe kwamfutar na fita da gudu, don babu sabis a cikin gidan sai a kan wani tudu bayan masallaci.

Malam Haladu ya saurare ni, ya ce, "Laifina ne wannan, na manta. Fayil ɗin ba ya cewa murya ta hau kaza. Cewa yake an murza taya rabi, an murza ta har ƙarshe. Nisan ƙarshen kuwa, abin da ke karantawa ne ke yankewa. A ƙa'ida taki biyu ne sama, biyu ƙasa, in ba an canza ba. Ni a jikin tsohon fiyanon na faɗaɗa shi da hannu, bai shiga fayil ba."

"Taki nawa ka sa?"

"Ban rubuta ba."

"Maigida, don Allah ka tuna."

"Ba ni na tsayar ba, Sunusi. Kunnen tsohon ne ya tsayar da ni. Nemi wani kunnen."

Na dawo an fara yayyafi. Na zauna a bakin ƙofa, na ce, "Inna, zan riƙa kwance masa bakin kaɗan-kaɗan. In ya kai, ki gaya mini." Na mayar da taki biyun zuwa uku, na kunna farkon taken. Ta ce ƙara. Huɗu, ƙara. A biyar ta ajiye waken. A shida ta karkata kai, ta ce ya kusa. Alamar batir ta koma ja. Tsoro ya sa na tsallake zuwa takwas.

"A'a. Ya yi yawa. Bai taɓa yi wa 'ya'yansa tsawa ba."

Na dawo bakwai, na bar shi ya tafi. Matan da ke tsakar gida suka yi tsit. Inna ta ɗaga hannu, ba ta sauke ba, leɓɓanta suka fara bin kiɗan, ta fassara mana abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba: "Auta, ba ki da ƙanwa, taka a hankali. Auta, ƙofar gida ba ta da sakata."

Da aka zo tsakiya, kiɗan ya ɗan tsaya, bugu ɗaya ya zo a makare. Tarin bai shiga ba, tunda Midi ba ya ji, gurbinsa ne kawai ya shiga. Na ce, don in nuna na iya wani abu, "Wannan wurin zan iya gyara shi, in matso da bugun daidai."

Hajara ta ce, "Nan ne ya yi tari."

Inna ta sauke hannunta. "Bar masa tarinsa."

A nan take, kafin in ce uffan, na mayar da shi sauti na gaske, babban fayil mai cin wuri. Na zuba a filashi, na zuba a katin wayar Hajara, na bar ɗaya a kwamfutar. Ina cire katin allon ya mutu.

Ranar Asabar ni na riƙe sifika a ƙofar gidan. Da la'asar aka fito da amarya a lulluɓe, Inna ta yi mini alama da ido, na danna. Masu guɗa suka haɗiye guɗarsu har kalangun ya gama. Daga baya angon ya nemo ni ya riƙe hannuna da hannu biyu yana godiya. Mutumin kirki ne ƙwarai, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da na koma Birnin Kudu na goge Tauraruwa da duk ɗauka goma sha tarar. Har yau ba wanda ya yi tattaki ya nemo su.

A makon na sayi littafin farko mai jan bango, wannan da ke kan tebur shi ne na shida. Ƙa'idar ba ta da yawa. Duk aikin da aka yi da Midi, a rubuta wace na'ura ce ta yi masa murya, wace lamba, taya taki nawa, da duk abin da aka taɓa da hannu wanda fayil bai gani ba. Kafin mai aiki ya fita daga ɗakin, a mayar da shi sauti a ajiye wuri biyu. Ba a goge komai don ya yi kama da wani.

Abin da na koya game da sana'ar nan shi ne, yarjejeniyar masu ƙera na'ura tana da amfani, ita ta riƙe mana hannun Baba Ilu har bayan ransa. Amma ba da mu aka zauna aka yi jerin ba. Kalangu, da kukuma, da duk abin da yake namu, a gurbin aro muke ajiye su, kuma ranar da ka kau da kai mai gurbin zai dawo. Mutanen da ke shigowa ɗakin nan kuma ba fayil suke kawo mana ba, ajiya ce, wani lokaci ita ce ta ƙarshe da suke da ita. Ni na yi sa'a na tarar da Inna da ranta, da kunnenta. Ta rasu shekaru uku bayan bikin. Bakwai ɗin da ta tsayar ita ce abu na farko da na rubuta a shafin farko. Duk wanda ya ga cika littafin nan wahala ne, ya tashi ya buɗe ya gani.